Kiran Garken Ahijo

Kwalayen littafin sun iso Malanville ranar Laraba da hantsi, ɗaure a bayan moto mai ƙafa biyu, bayan sun tsallako gada daga Gaya. Jariatu ta yanke igiyar da wuƙar yankan albasa ta Goggo Rukaiya, ta zaro kwafi ɗaya, ta juya shi gaba da baya.

Masu maɗaba'ar Sakkwato sun zana mata wata farar budurwa mai jan baki da gashin ido zara-zara, ta riƙe ƙwaryar nono da yatsu biyu. Duk Toumboutou, garinsu, babu mai kama da ita, kuma da haka ake riƙe ƙwarya da babu wanda zai sha nono a garin. Amma sunan yana nan daidai a ƙasa: Ɗiyar Mashekari, na Jariatu Ahijo.

A waya ta rubuta shi, tsakanin ɗinki da ɗinki, tun shekarar da mijinta ya rasu ta dawo zama wurin goggonta a cikin gari. Duk babin da ta gama sai ta tura wa ƙawarta Jannatu, ita kuma ta zuba shi a zauren WhatsApp na mata. Matsalar ita ce yawancin matan ba su karanta Hausar boko. Waɗanda suka yi makarantar lakwal Faransanci suka koya, sauran kuma kunne kawai gare su. Da haka Alasan ya shigo maganar.

Alasan ɗan Sarkawan bakin kogi ne, amma ya bar jirgi da taru ga yayyensa, ya buɗe 'yar rumfa a gefen babbar kasuwa inda yake cajin waya da zuba wa mutane waƙoƙi a memori. Allah ya ba shi murya. Shi yake karanta babin a gaban mikro, ya yi maganar tsohuwa, ya yi ta budurwa, ya yi kukan maraƙi in ta kama. Kafin littafin ya kai rabi, masu albasa da masu shinkafa da matan 'yan moto duk sun san jarumar kamar a gidansu aka haife ta.

Kafin ya kai ƙarshe kuwa, manyan Alasan sun ɗauki goro sun tafi Toumboutou neman auren Jariatu.

Ubanta Ahijo ya karɓe su da mutunci. Ya sa aka shimfiɗa musu tabarma, aka dama musu fura da nono mai kauri, ya saurare su har suka gama. Sannan ya tura musu goronsu gabansu a hankali, ya ce shi shanu ya sani, su kuma ruwa suka sani, kowa ya tsaya ga abin da ya sani. Ko kalma ɗaya ta zagi bai yi ba, shi ya sa ma aka rasa ta inda za a kama shi.

Jannatu ta sha gaya mata cewa ita fa bazawara ce, in ta je wurin liman za a nemo hanya. Jariatu ta ce ba za a ɗaura mata aure a bayan idon ubanta ba. Alasan take so, kuma da bakin Baaba take so a ba shi. A nan magana ta tsaya tun damina.

Tana cikin duba littafin aka yi sallama. Boubakar ne, ɗan Baffa Harouna ƙanen ubanta, dillalin shanu a karar Guéné. Shi ma ya daɗe da cewa yana so, kuma shi dangi suke so. Ya gaida Goggo, ya dubi kwalayen, ya ƙi zama.

"Hamma, lahiya?" in ji Jariatu.

"Ke za a tambaya. Kin ji abin da ya hwaru jiya a hanyar Madécali?"

"Ban ji komi ba."

"Baaba ya biyo burtali da garke za shi mashaya. Mata na sussukar shinkahwa a hwadama, sun aje rediyo bisa buhu, suna sauraren labarinki. Anka kai wurin da tsohon nan na cikin littahi ke kiran shanunai." Ya dakata ya dube ta. "Saye, uwar garke, ta ɗaga kai. Ta juya. Garke duka ya bi ta, sunka hwaɗa cikin gonar da ba a yanke ba."

Goggo Rukaiya ta saki tsintsiyar da ke hannunta, ta ɗora hannu a ka.

"Baaba na tsaye yana kira, rediyo na kira, shanu sunka rasa wa za su bi. Sauran kaɗan a kira jandarma. Sai da dattawa sunka shiga anka biya ɓarna. Tun da nike ban taɓa ganin Baaba ya duƙa yana ba manomi haƙuri ba, jiya na gani."

Jariatu ta zauna a kan kwali. Ta san yadda aka yi, don ita ta yi.

Kowane makiyayi da kiransa. Na Ahijo daga ubansa ya gada, wani sauti ne da yake farawa can cikin maƙogwaro, ya hau sama, ya karye, sannan ya sauko a kan sunan uwar garke. A littafin ta rubuta shi da haruffa yadda ta iya, kuma haruffan ba su ce komai ba. Ranar da za a ɗauki babin Alasan ya karanta shi sai ka ce mai tallan kifi, ta yi dariya har da hawaye. Ya ce to ta koya masa. Ta koya masa a bayan rumfar, ta yi ta maimaitawa har ya kama shi tsaf, har sunan Saye bai canza ba. A lokacin abin da ke ranta kawai shi ne babin ya yi daɗi. Kuma ya yi, don shi ne babin da aka fi nema.

"Baaba shina zuwa bayan azahar," in ji Boubakar. Ya juya zai fita, ya waiwayo. "Da ɗan gida kinka koya ma, da babu wanda zai ji."

Ahijo ya zo kamar yadda aka ce. Dogo ne siriri, gwiwoyinsa sun fara ba shi wahala, har ya daina tafiya kiwo mai nisa. Ya zauna a gindin dogon yaro, ya jingine sanda, ya juya gefensa ga ƙofar ɗakin da Jariatu take durƙushe. Ita ce 'yar farinsa. Tun da aka haife ta bai taɓa kiran sunanta ba, bai taɓa yi mata magana kai tsaye ba, kuma ba wai don ba ya son ta ba. Duk abin da zai faɗa mata, ƙanwarsa yake faɗa wa.

"Rukaiya, tambayi ta ɗakin nan, wa ya ba Basarke kirana?"

"Ni ce, Baaba," in ji Jariatu.

Bai nuna ya ji ba, sai da Goggo ta maimaita.

"Tambaye ta, ina sunka zauna har ta koya mai?"

"A kasuwa ne, Baaba, da rana tsaka, mutane na wucewa. Wallahi ba don in tozarta ka niy yi ba. Tsohon da ke cikin littahin kai ne. So niy yi mutane su ji yadda kake kira, don ni ban taɓa jin abin da ya kai shi daɗi ba."

Hawaye suka zubo mata. Goggo ta buɗe baki za ta maimaita, Ahijo ya ɗaga hannu ya tsayar da ita.

"Hwaɗa mata, yanzu duk ɓarawon da ke da waya yana da garkena. Ba shi bukatar sanda, ba shi bukatar igiya. Shi tsaya bayan kurmi shi danna, su tahi wurinai da ƙahwahunsu."

Wannan bai taɓa zuwa mata a rai ba.

"Za mu goge, Baaba. Yau ɗin nan."

"Rukaiya, ana goge abin da ya shiga kunnen gari?"

Ya gyara zama, ya ci gaba.

"Abin da ya hita ya hita. Abu guda nika so. Kar in ƙara jin kiran ubana a bakin yaron nan."

Ya jawo sandarsa zai miƙe. Jariatu ta matso da gwiwoyinta har bakin ƙofa.

"Baaba, don Allah. Laihina ne, ba nashi ba. Shi bai san mi kira ke nuhi ba, a cikin jirgi ya tashi. Kar wanga abu shi zama dalilin da za ka ƙara ƙin shi. Na yi haƙuri tun damina, ban je wurin kowa ba, kai nika jira."

Ahijo ya saɓa sandar a kafaɗa.

"Hwaɗa mata ba wannan ya kawo ni ba."

Ya fita. Goggo ta raka shi zaure ta dawo, ta tarar da Jariatu ta kifa kai a kan kwalin littafi. Ta tsaya a kanta tana jinjina kai.

"Ke dai kin iya jawo magana. Mutane na rubuta soyayya su ci abinci, ke kin rubuta kin kora shanu gona. Tashi ki wanke ido, kukan ba shi maida shinkahwa."

Da la'asar ta tafi rumfar Alasan. Labari ya riga ta isa, kamar kullum. Ta same shi zaune gaban kwamfuta, ya kashe waƙar da ya saba saki, wayoyin mutane na jere a kan allo suna caji.

"Na goge nawa," in ji shi tun kafin ta zauna. "Na bi masu rumfuna huɗun nan na roƙe su sun goge. Amma Jariatu, memori ya kai Gaya, ya kai Kamba, wata ta ce ta ji shi a Kandi. Kowa na tura ma ɗan'uwanai. Ba ni da hannun da zai kai can."

"Na sani."

"Da na sani da ban tambaye ki ba. Ni murya kawai na ji, ta yi mani daɗi."

"Ni da na sani fa? Ni anka haihwa cikin garken."

Wata mata ta zo karɓar wayarta, ta dube su, suka dubi juna da ƙawarta, suka tafi suna ƙus-ƙus.

"A ɗaga taron ƙaddamar da littahin," in ji Alasan.

"Jannatu ta kama kujeru, ta kama sono da lasifikunai, ta gayyato marubuta daga Gaya. In anka ɗaga, cewa za a yi Baaba ya hana, a ƙara sa shi bakin mutane."

"To a samu wani shi karanta ranar."

"Wa? Kai sunka sani."

Ya shafa fuskarsa da tafin hannu biyu. Da ya sauke su idanunsa sun yi ja.

"Jariatu, bari in hwaɗa maki abin da ke raina. Tsohon nan ya maida goronmu ban ji haushi ba, na ce wata rana zai sauko. Yanzu na sa shi ya duƙa gaban mutane. In ni ne shi, ba ni ba da ɗiyata. In kin ga Boubakar ne zai kawo maki zaman lahiya da danginki, ki hwaɗa mani, zan janye. Ba zan ce ba ni jin ciwo ba, amma zan janye."

"Haka kake gani na? Buhun albasa, wanga ya aje wancan ya ɗauka?"

"Ba haka nika nuhi ba."

"To kar ka ƙara. Na yi aure sau guda don dangi sun ce, Allah ya jiƙan shi, bai cuce ni ba. Wanga karon ni nika zaɓe. In Baaba bai ba ka ba, sai in zauna wurin Goggo ina ɗinki har in tsuhwa." Ta goge ido da gefen mayafi. "Abu guda yac ce. Kar shi ƙara jin kiran a bakinka."

"Ba zai ji ba."

Ranar Lahadi bayan la'asar aka yi taron, a farfajiyar wata makaranta. Jannatu ta yi ƙoƙari, a ba ta wannan. An kafa rumfuna, an jera littattafai a kan tebur an rufe su da farin leshi, mai sono ya yi ta gwada mikro har kunnuwa suka gaji. Mata suka cika wurin da anko, masu albasa suka rufe rumfunansu da wuri suka zo. Rabinsu littafin ya kawo su, rabinsu labarin shanun.

Marubutan da suka tsallako daga Gaya suka yi jawabi ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ce ba zai tsawaita ba, kowa ya tsawaita. Aka kira Jariatu ta faɗi yadda ta rubuta littafin. Ta faɗa a taƙaice: a waya, a kan keken ɗinki, wani babin ma sau biyu ta rubuta shi don wayar ta faɗa ruwa. Aka yi dariya, aka tafa.

A irin wannan taro nasu, wanda ya yaye leshi daga kan littafi shi yake zaɓar shafin da za a karanta wa jama'a. Tun watannin baya Jannatu ta ba Boubakar wannan matsayi, don shi ne mai hannu da shuni a dangin marubuciya, kuma a lokacin babu wanda ya ga aibin haka.

Boubakar ya taso cikin shadda mai ƙyalli, ya yaye leshin, mata suka yi guɗa. Ya ɗauki kwafi ɗaya yana buɗawa a hankali, alhali ya riga ya san inda za shi. A lokacin ne Jariatu ta hango ubanta. Yana tsaye a bakin ƙofar makarantar, bai shigo ba, sanda a kafaɗa, hannuwansa rataye a kanta. Wanda ya gaya masa lokacin taron ba sai an tambaya ba.

"Babi na tara," in ji Boubakar a mikro. "Inda tsoho ke kiran garke. Shi jama'a ke so, ko ba haka ba?"

Wurin ya ɗauki ihu.

Alasan ya karɓi littafin. Ya dubi Jariatu, ya dubi ƙofa, ya fara karantawa. Ya karanta yadda rana ta yi ja a kan fadama, yadda jarumar ta tsaya da ƙwarya tana jiran shanu su dawo, yadda tsohon ya hau kan suri ya cire malafarsa ya ja numfashi. Wurin ya yi tsit. Wata tsohuwa a layin gaba har ta karkata kai ta rufe ido.

Sai ya tsallake layin, ya ci gaba daga inda shanu suka fara fitowa daga kurmi.

"A'a!" in ji wata daga baya. "Ka tsallake!"

"Kiran! Yi muna kiran!"

"Don shi munka zo!"

Boubakar ya matso da murmushi, ya karkato da bakinsa kusa da mikro.

"Malam Alasan, muryar ta hwaɗa kogi ne? A memori kam ka iya. Ko sai a bayan rumhwa kake iyawa?"

Aka fashe da dariya, irin wadda ba ta da daɗin ji. Jariatu ta ji kunya ta rufe ta tun daga kai har ƙafa, ta sunkuyar da kai tana kallon zanenta.

Alasan ya bari dariyar ta lafa.

"Jama'a, ku yi haƙuri. Wanga kira ba nawa ba ne, kuma ba na littahi ba ne. Yana da mai shi. Na ɗauka ban sani ba, na yi ɓarna da shi. Ba ni ƙara yin shi, nan ko wani wuri. Wanda ke da shi a waya, don Allah shi goge."

"Ni na yaye leshi," in ji Boubakar, murmushin ya tafi. "Ni ke da zaɓi."

"Ka zaɓi shahi, na karanta maka shahi. Abin da ya rage ba ni da ikon ba ka."

Ya ajiye mikro a kan tebur, ya koma kujerarsa ya zauna.

Daga nan taron bai sake daidaituwa ba. Wasu suka yi tsaki suka tashi, wata ta ce da ta sani da ba ta rufe rumfarta ba. Wani matashi a baya ya kunna babin a wayarsa don tsokana, sai da Goggo Rukaiya ta taka har wurinsa ta tsaya a kansa ya kashe. Jannatu ta yi ta roƙo a mikro a zo a sayi littafi, aka saya kaɗan. Boubakar ya tafi tun ba a yi addu'ar rufewa ba.

Da Jariatu ta ɗaga kai ta dubi ƙofa, babu kowa a wurin sai mai sayar da ruwan leda.

Suka kwashe sauran littattafan suka maida cikin kwalaye. Jannatu ba ta yi mata magana ba har suka gama, sannan ta ce, "Shekara guda muna shiri." Jariatu ta ce ta sani. Alasan ya ɗaura kwalayen a motonsa ya kai su gidan Goggo, ya sauke a zaure, ya tafi bai shiga ba.

Kwanaki suka wuce babu labari daga Toumboutou. Jariatu ta koma kan kekenta. A zauren WhatsApp mata suka kasu biyu, masu cewa Alasan ya yi mutunci da masu cewa tsoron surukin da bai samu ba ne ya kama shi. Ba ta tanka wa kowa ba.

Ranar Talata aka aiko Goggo ta je. Ta tafi da yamma, ta kwana can, ta dawo da sassafe. Ta shigo ta zauna a bakin gado ba ta cire mayafi ba.

"Kashe keken nan ki ji."

Jariatu ta ɗauke ƙafarta.

"Ubanki yac ce a hwaɗa ma Sarkawa su maido goronsu ranar Juma'a bayan an sauko masallaci."

Jariatu ta dafe ƙirji.

"Yac ce yaron da anka yi ma dariya gaban gari bai buɗe baki ba, ana iya ba shi ajiya. Yac ce Boubakar kuwa ya san mi kira ke nuhi, kuma shi ya nemi a yi shi a lasifika. Bai ƙara komi a kai ba."

"Goggo! Alhamdu lillahi! Goggo, da gaske?"

Ta faɗa jikinta tana dariya tana kuka. Goggo ba ta rungume ta ba, ba ta kuma ture ta ba. Sai da Jariatu ta ji jikin tsohuwar a sandare sannan ta ɗago.

"Mi ne ne?"

"Baffanki Harouna zai karɓe su. Shi zai ba da ke."

"Baaba fa?"

"Shekaranjiya an gwada satar garken. Wasu sunka laɓe a kurmi da waya da magariba, Allah ya sa yana kusa. Yac ce garken ba shi zama inda ake jin Hausa. Zai yi kudu da su, can cikin daji, har su manta wanga kira shi koya musu wani. Yac ce tsohuwar saniya ba ta saurin mantuwa, yana iya kai shekara, yana iya hi."

"Da waɗanne gwiwoyi? Goggo, ko masallaci sai ya huta a hanya!"

"Na hwaɗa mai. Har kuka na yi mai."

"Yaushe za shi?"

Goggo ta kau da kai.

"Sanda na baro suna kwance igiyar maruƙa."

Jariatu ta fita ko takalmi ba ta daidaita ba. A rumfa ta sami Alasan yana buɗe ƙofa, ta ce ya tayar da moto. Bai tambaye ta ba sai da suka bar kwalta, a nan ta faɗa masa duka, tana magana a bayan kunnensa iska na kwashe rabi. Da ta kai maganar Juma'a moton ya ɗan yi tangaɗi. Da ta kai sauran, ya ƙara wuta.

Rana ta ɗaga sosai lokacin da suka isa. Bukkokin suna nan, ƙofofinsu a toshe da ƙaya. Inda garke yake kwana babu komai sai kashin shanu da bai gama bushewa ba da ramukan turaku. Tokar wutar da ake hura wa shanu tana ɗan hayaƙi. Wata maƙwabciya da ke daka ta ce tun bayan asuba suka tashi, shi da makiyayin da ya ɗauka, kuma an ɗora tsohon a kan jaki don ƙafar ta ƙi.

"Bai bar saƙo ba?" in ji Jariatu.

"Wurin wa?" in ji matar. Ta ci gaba da dakanta.

Jariatu ta tsaya a tsakiyar filin. Ta samu abin da ta roƙa tun damina, daga bakin da ta so, kuma tun da take ba ta taɓa jin baƙin ciki irin na wannan safiya ba.

"Sawun a bayyane yake," in ji Alasan. "Garke ba shi sauri. In munka bi, kahin azahar mun cim musu."

"In mun cim musu in ce mi? Shi dawo a sace su?"

Ya kashe moto, ya tsaya nesa kaɗan da ita, yana juya makulli a hannu. Can ya ce, a hankali, "To Juma'ar fa? In kin ce a jira shi, wallahi ina jira."

Ta dubi inda sawun ya shiga daji.

"Ya riga ya ce Juma'a. Kar shi yi wagga tahiya a banza." Ta gyara mayafinta, ta nufi moton. "Hwaɗa musu su zo."